Bayahuden Hajja Kulu

Duk wanda ya ce maka a Jidda suna kewaye wuta don jin ɗumi ana tatsuniya, ka dafe aljihunka, domin mutumin da zai yi wannan ƙarya zai iya yin komai. A unguwar Ammariyya inda na tashi, zafi kan dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Wutar da muke kewayewa ta neman abinci ce, wato kurfotin kakata Hajja Kulu, wanda take suyar gyaɗa a kai a saman rufin gidan da muke haya, wurin da mu 'yan Jidda ke kira saɗuhu. Da an idar da magariba za ta aza kasko da yashi, mu jikoki mu zauna muna ƙulla gyaɗa a 'yan ledoji, ita kuma tana biyan mu da labari. Da an kira isha'i an tashi kasuwa, ko da kura ta buɗe baki za ta cinye gizo, haka za ta tsaya baki buɗe har gobe.

Ni ne babban jikanta namiji, saboda haka mijinta nake. Angon wahala take ce mini, wai tunda ta aure ni ko ɗankwali ban taɓa saya mata ba, sai cinye mata jari.

Hajja tana da wata ɗabi'a da ta dame mu. Sallarta ba ta da makusa. Kawuna Ado, ɗanta, wanda ya ɗan zauna gaban malamai kuma ya ɗauki kansa mai binciken ibadar gidan gaba ɗaya, ya sha tsayawa yana kallon ruku'unta ko zai sami abin gyara, bai samu ba. Amma da ta shafa, kafin ta hura wuta sosai, sai ta zagaya bayan tankin ruwa ta fuskanci bango ta fara magana da Hausa. Kuma ba irin maganar da ka san addu'a ce ba. Irin wadda ake yi da maƙwabciya ta kan katanga.

"Gawayin da aka kawo mini yau jiƙaƙƙe ne, Ka dai gani. To ni ban ce komai ba."

Mu yara mun gama yanke hukunci cewa aljani ke zaune bayan tankin. Ni har na rantse wa ƙannena na ga ƙafarsa, na ce tsawonta ya kai daga nan zuwa unguwar Waziriyya. Abin dariya ne a wurinmu, har ranar da ya daina zama abin dariya.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata Balarabiya, Ummu Khalid, 'yar'uwar mai gidan. Ɗanta Khalid sa'ana ne, kuma zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki. Wata rana ta hau saɗuhu kwashe shanya, sai ta tarar da abin da ya ishe ta hujja: tsohuwa baƙa, hayaƙi na tashi, tana fuskantar bango tana magana da yaren da ba ta ji, kuma a tsakiyar yaren ta ji sunan ɗanta ya fito sarai, ba sau ɗaya ba. Sai ta sauka. Ta tare Kawu Ado a matakala ta ce masa idan ta sake jin sunan Khalid a bakin Takruniyyar nan, yadda Larabawa ke kiran baƙar mace irin Hajja, za ta kira hukuma ta ce ana yi wa ɗanta sihiri.

Wanda bai zauna ƙasar nan ba, ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Zargin sihiri ba abin da ake sasantawa da shayi ba ne. Ga shi Hajja ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta shigo Hijaz tana yarinya, zamanin da ƙafa ce fasfo, kuma tun daga nan duk takardar da ta riƙe a hannunta ta ƙunshin gyaɗa ce. Ko da an wanke ta daga sihirin, rashin takarda ya isa a yi mata tarhil, a ɗora ta a jirgi zuwa Najeriya, ƙasar da ba ta san kowa a cikinta ba sai matattu.

Da yammar nan Kawu ya hau saɗuhu fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Ya zauna kan gwangwanin madara, ya miƙa mata wani ɗan littafin addu'o'i na Larabci.

"Inna, don Allah a bar maganar bayan tanki. Ga addu'o'i nan da suka inganta. Zan riƙa biya miki kina haddacewa. Duk wanda ya ji ki da su ya san abin da kike faɗa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sumbace shi, ta ɗora a kan buhun gyaɗa.

"Na gode, Malam Ado. Rabinsu ma na haddace tun kana tsotson yatsa. Da Hausa ne ba a yarda a roƙi Allah ba?"

"An yarda, Inna. Amma ke ba roƙo kike yi ba, ƙorafi kike kaiwa. Kuma matar nan ta ƙasa da gaske take."

Hajja ta juya gyaɗa da ludayin ƙarfe, ta ɗan karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga ƙofar matakala. Sannan ta dube ni.

"Angon wahala, matso da ledojin nan. Ta yau ba ta gizo ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, don ba daga nesa za ta zo ba. Da idona na gani. Labarin wani Bayahude ne."

Kawu ya zabura har gwangwanin ya yi ƙara.

"Inna, a Jidda? A saman rufi? Sihiri bai ishe mu ba sai kin ƙaro mana Yahudu?"

"Zauna, ba shi zan kawo maka ba, ya daɗe da mutuwa."

Tun a nan na fara zarginta. Hajja ba ta taɓa ba mu labari da Larabci ba, tana cewa Larabcinta na ciniki ne, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Amma a wannan yamma duk jimlar da ta faɗa da Hausa sai ta maimaita ta da Larabcin Hijaz, da ƙarfi, wai don ƙanwata da Hausa ke yi wa wuya. Ƙanwar tawa kuwa barci take yi da leda a hannu. Kuma Hajja ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofar matakala, inda na fara jin ƙamshin turaren wuta irin wanda ba namu ba.

Ta ce lokacin da suka taho aikin hajji da iyayenta, mai jirgin ruwan da ya ɗauko su daga waccan gaɓar teku ya sauke su da duhu ya ce ga Makka can bayan tudu. Da gari ya waye suka ga ashe wani gari ne a gaɓar Yaman. Babanta ya kwanta ciwo a nan, guzuri ya ƙare, sai aka sama mata aiki a gidan wani maƙerin azurfa Bayahude mai suna Salim. Aikin shi ne shara da ɗebo ruwa, sai kuma ranar Asabar, da yake su ba sa taɓa wuta a ranar, ita ke duba fitila da murhu.

Ta ce mutanen suna da sallarsu sau uku a yini, da yarensu na littafi, kuma a ɗakin ibadarsu akwai abin da ba sa farawa sai maza goma sun cika. Da safe sukan lulluɓa da mayafi mai geza, su naɗa wata igiyar fata a hannu da goshi. Akwai wata tsayuwa da suke yi ƙafafu haɗe, suna fuskantar Ƙudus, leɓe na motsi ba a jin murya.

"Idan Salim ya shiga tsayuwar nan," in ji Hajja, "ko gemunsa ka kunna wa wuta sai ya kai ƙarshe zai tambayi wa ke gasa akuya."

Sai dai da ya dawo gida da yamma, ba ya shiga ɗaki. Yakan zagaya bayan maƙera, kusa da zugazugi, ya fuskanci bango ya yi ta magana shi kaɗai, yana yarfa hannu, kuma ba da yaren littafinsu ba, da Larabcin kasuwa. Wannan ya jawo masa zargi ta gaba da ta baya. 'Yan'uwansa Yahudawa suka ce mutumin da ke ganawa da bango da yaren Musulmi shirin barin addininsu yake yi. Musulmin unguwa kuma suka ce ba wani musulunta, tsine musu yake yi da yarensu don tsinuwar ta gane hanya. Wani mai sayar da gahawa da ke jikin maƙerar, wanda awakinsa suka yi ta mutuwa, ya kira Hajja ya nuna mata dabino. Ya ce tunda ita Musulma ce kuma tana shiga gidan, ta laɓe ta jiyo musu.

"Na karɓi dabinon," in ji ta. "Ina jin yunwa, kuma ni ma ban yarda da shi ba."

Ta shige tsakanin buhunan gawayi ta yi lamo. Ta ce ta zaci za ta ji sunayen aljanu. Abin da ta ji shi ne tsoho yana kai ƙarar gwiwarsa. Ya ce gwiwar hagu ce yanzu, ta dama kuwa an gode, ta yi sauƙi. Ya kawo maganar tarin 'yarsa. Ya ce fatar zugazugi ta tsage kuma mai jima ya yi tafiya. Ya ce awakin mai gahawa suna ta mutuwa, mutumin ba ya gaishe shi, amma yana da yara, a duba. Daga nan sai ya ce akwai kuma yarinyar nan baƙa da ke duba musu wuta, ubanta na kwance, sun ce wani ɗaki za su je a Makka. Ya ce shi bai san hanyar ba, mai jirgin ruwa ma ashe bai sani ba, amma Wanda yake magana da Shi ya sani, a taimaka a kai su.

Hajja ta tsame gyaɗa daga yashi ta zuba a faranti. Babu wanda ya miƙa hannu, har ni.

Ta ce ta koma ta faɗa wa mai gahawa abin da ta ji. Bai yarda ba, ya ce an saye ta, ya nemi dabinonsa, ta ce ya riga ya wuce. Su kuwa Yahudawan suka kai ƙara wurin malaminsu, wanda suke kira Mori. Ya zo har maƙera, Hajja na shara a tsakar gida, kuma ta ce wuri ɗaya ta yi ta sharewa har ya kusa zama rijiya. Mori ya tambayi Salim ko sallar littafi ce ba ta ishe shi ba. Salim ya ce bai taɓa barin ko ɗaya ba kuma ba zai bari ba, ita ce ta kakanninsa. Amma duk maganar cikinta ta jama'a ce, Ka gafarta mana, Ka warkar da mu, Ka ciyar da mu. Ya ce ya duba ko'ina bai ga gwiwarsa ta hagu a ciki ba. Mori ya ce ai magabata sun bar gurbi a cikin tsayuwar, wajen ƙarshe, inda kowa zai sa tasa buƙatar. Salim ya ce yana sawa, amma jama'a na jira, kayansa kuma da yawa, shi ya sa yake ɗauro ragowar ya kawo gida. Mori ya shafa gemu ya ce matuƙar bai yar da ta littafi ba, ba laifi mutum ya yi wa Ubangijinsa magana da yaren da yake kuka da shi. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya rage murya, ya ce gobe idan an zo lissafin gwiwa a sa masa idonsa na dama.

Kawu Ado ya gyara zama. Na san fuskar, ta mai shirin kama ɓarawo ce.

"Wato so kike ki ce addu'ar Bayahude ce ta kawo ku Makka?"

"Ni ban ce ba. Raƙumi ne ya kawo mu. Wanda ke karɓa Shi ya san ta wa ya karɓa, bai aiko mini da bayani ba."

"Bara kin ce a Sudan kuka yi zaman jinyar babanki."

"A can ya fara, a Yaman ya ƙarasa. Kai kana nan ne?"

Sannan ta ɗaga ɗan littafin daga kan buhu, ta juya sosai wajen matakala, ta bar Hausa gaba ɗaya. Da Larabcinta mai ɗingishi ta ce ita salloli biyar tana yin su yadda Annabi ya koyar, ba ta ƙara ba ta rage, addu'o'in cikin littafin nan kuma suna bisa kanta. Amma akwai yaro a ƙasan wannan rufi da zazzaɓi ya ƙi saki, tana jin tarinsa ta tagar banɗaki kullum, uwarsa ta rame kamar tsinke. Ta ce wa Kawu ya buɗe littafin ya nuna mata shafin da aka rubuta Khalid, in ya samu, halas, shi ke nan, ta bar bayan tanki.

Sai muka ji sautin silifa na sauka a matakala a hankali. Kawu ya zaro ido, sai lokacin ya gane da wa ake magana tun ɗazu. Hajja ta ce kan ɓeran yau ta bar wa Malam Ado ya yi miya, aka kira isha'i.

Kada ka zaci washegari Ummu Khalid ta hau da kuka ta rungume ta. Ba a fim muke ba. Kwanakin da suka biyo baya duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai mu ce hukuma ce ta zo. Kawu ya rame, ya riƙa kwana da takalmi. Ni kuwa aka naɗa ni mai gadin taga, na kawo rahoton 'yan sanda sau ba adadi, ciki har da mai gyaran famfo da wani makaho. Hajja kaɗai ke cin abincinta, kuma ba ta fasa zuwa bayan tanki ba ko sau ɗaya.

Sai wata yamma matar ta hau, ta tsaya nesa da kurfoti, hannu a ƙugu. Ta ce ita ba ta ce ta yarda ba. Amma idan ya zama dole Hajja ta ambaci ɗanta, to ta ambace shi da Larabci, yadda za ta ji abin da ake cewa. Hajja ta ce ta karɓa. Daga ranar, in ta zo kan Khalid, sai ta ɗan dakata ta ce da Hausa, "Ka yi haƙuri, yanzu zan karya Larabci saboda matar ƙasa," sannan ta ɗaga murya ta karya shi, karyawar da ko mai ɗori ba zai iya haɗawa ba. Ummu Khalid na tsaye a matakala tana saurare kamar mai kula da jarrabawa, wani lokaci har ta gyara mata kalma.

Ba ta kira hukuma ba. Khalid ya warke bayan an canza masa magani a asibiti, kowa kuma ya riƙe nasa bayanin. Uwarsa ba ta daina turara matakala ba, kuma ta hana shi cin gyaɗarmu har abada. Ni na riƙa kai masa a ɓoye, yanzu tumbinsa ya fi nawa.

Abin da ya rage mini shi ne zargin Hajja. Na sake neman labarin sau da yawa. Wata rana maƙerin Salim ne, wata rana Yahaya. Gwiwar takan koma ta dama. Kawu Ado har ya tsufa yana cewa a kan kurfoti aka ƙera Bayahuden nan, daidai lokacin da aka ji ƙamshin turare a matakala. Da na girma na tambaye ta kai tsaye ko da gaske an yi mutumin. Ta ce, "Angon wahala, kuɗin mota gare ka? Je ka Yaman ka tambaya." A nan Jidda ta rasu, a nan aka binne ta, ba wanda ya nemi iƙamarta.

Shekarun baya, ina zaman jiran lodi a wani sito a unguwar masana'antu ta Jidda inda nake tuƙi, na yi ta bincike a waya don in kama ta. Sai na tarar sallolin uku gaskiya ne, maza goma gaskiya ne, mayafin da igiyar fata da tsayuwar duk haka suke, har gurbin da aka bari don mutum ya sa tasa buƙatar. Matar da ba ta karanta ko alif a takarda ba, a ina za ta samo wannan in ba ta share tsakar gidan ba? To amma maganar yarinya baƙa mai duba wuta, wannan waya ba ta sani ba. Wasu ranakun ina ganin ta ji da kunnenta. Wasu ranakun ina ganin ita ta ɗinka, domin akwai uwa a matakala da ke buƙatar jin cewa wanda kake tsoro yana iya kasancewa sunanka yake kai wa inda ya fi hukuma. Na kasa yanke hukunci, kuma na lura duk yadda na juya shi, Hajja ce ke cin riba.

Yanzu a Waziriyya nake zaune. Ina sallata a masallaci bayan liman, yadda kowa ke yi, kalma bayan kalma, kuma ina jin daɗin cewa akwai abin da ba ni na ƙirƙira ba, tunda abin da na ƙirƙira a rayuwa yawancinsa ƙarya ce don a yi dariya. Amma da na dawo nakan zauna cikin mota kafin in hau sama, in ɗaga gilashi, in kawo ragowar kaya. Kafili, wato Balaraben da iƙamata ke hannunsa, sukarin da likita ya ce ya hau, yaron da ya ƙi karatu, bayan da ke ciwo.

Kwanan nan 'yata ƙarama, wadda Hausarta ba ta wuce ta sannu da zuwa ba, ta ƙwanƙwasa gilashin. Ta leƙa kunnena na dama, ta zagaya ta leƙa na hagu, ta ɗauki wayata ta ga a kashe take. Ta tambaye ni da Larabci da wa nake magana, kuma me ya sa ta ji sunanta.

Na ce ta shigo ta zauna. Ta shigo, amma ta bar ƙofar a buɗe, ƙafa ɗaya a waje.

Na fuskanci sitiyari na ce, "Ka yi haƙuri, yanzu zan koma Larabci saboda yarinyar nan."